Biyu Bisa Ashirin a Gidan Tela

Ina da shekara goma sha uku na iya ɗinka wando tun daga ƙugu har ƙafa, in sa masa aljihu biyu, in kalmashe bakinsa, ba tare da wani ya tsaya a kaina ba. Ba cika baki nake ba, a ciki aka haife ni. Babanmu tela ne, shagonsa na bakin titi a Gidan Igwai, tsakanin mai faci da mai shayi. Keke uku ne a shagon: nasa, da na Baffa ƙanensa, da wani tsohon baƙin keke mai ƙarar tsiya, wanda ya zama nawa shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare.

Kar ka ji na ce ya zama nawa ka ɗauka miƙo mini shi aka yi. Shekara biyar na yi ina bin layi. Na yi sharar ƙyallaye, na yi hura gawayin dutsen guga har girata ta san wuta, na yi ɗaura maɓalli da allurar hannu har yatsana ya yi kanta. Ranar da Baba ya nuna mini kujerar keken nan da haɓa ya ce, "Zamna," wallahi ko ranar da aka saya mini sabon takalmin ƙwallo ban ji daɗin da na ji ba. Ya kuma ɗora mini da alkawari: kayan yara na Sallar bana duk ni zan ɗinka su.

Sai dai kujerar tana da doka, kuma kowa a layinmu ya san ta. Karkataccen ɗinki ba ya fita daga shagon Baba. Wanda ya yi shi kuwa sai ya sauka daga keke ya koma guga, sai ranar da Baba ya ga dama, kuma dokar ba ta san babba ba. Baba ba ya duba ɗinki da ido. Rufe idon ma yake yi, ya bi layin da babban yatsa, in ka ga yatsan ya tsaya a wani wuri to ka fara neman ashanar kunna gawayi. Yana da wata magana kuma da ya riƙe ƙam, wai hannu ba ya da uba biyu. A wurinsa yaron da ya koyi ɗinki a hannun mutum biyu, hannunsa ya lalace ke nan. Ko hira bai yarda in zauna in yi a shagon wani tela ba.

To ga makaranta. Tamu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata aji ɗaya, mu a layin taga su a layin ƙofa. Ranar Laraba bayan an dawo tara muke yin Hom Ikonomiks, darasin girki da ɗinki da kula da gida, kuma dole ne a kan kowa. Malamar gajeruwa ce mai fara'a, haifaffiyar Sabon Gari. Iyayenta daga kudu suka zo, amma in ta buɗe baki da Sakkwatanci sai ka rantse a tsakiyar gari aka yanke wa kakarta cibi. Tana da ɗakinta a ƙarshen gini, da risho biyu, da tukwane, da keken ɗinki ɗaya na ƙafa.

Mu maza "ajin amare" muke ce wa darasin. Muna da tamu dokar: duk namijin da ya wuce biyar bisa ashirin a aikin Malama, amarya ne, kuma in an tashi sai an raka shi har bakin get ana rangaɗa masa guɗa. Wani bawan Allah ya taɓa yin kuskuren cin goma sha biyu a jera kwanuka, zango guda cur ana tambayarsa yaushe za a kawo lefe. Shugaban wannan shashanci wani dogon yaro ne daga Kwalkwalawa, mai tsaron raga a ƙwallonmu, mai murya kamar ta mai tallan kananzir. In ya yi maka guɗa har 'yan ajin gaba sai sun leƙo.

Yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki. Kayan makarantar da ke jikinmu namiji ne ya ɗinka su. Ƙwan da muke rububi wurin mai shayi ƙato ne mai gashin baki yake soya shi, yana juya cokali yana hira, ba wanda ya taɓa yi masa guɗa. Amma da zarar an kai allura da tukunya ɗakin Malama, an rubuta sunansu a allo, shi ke nan sun zama na mata. Kuma ba wani malami ko uba da ya zaunar da mu ya koya mana haka. Mu muka dafa abinmu, mu muka cinye.

Ni tawa ta fi ta kowa zafi, domin sun san sana'ar gidanmu. Ranar da Malama ta ce mako mai zuwa kowa ya zo da rabin yadi za a ɗinka rigar filo, sai dogon nan ya miƙo hannu daga baya ya dafa kafaɗata.

"Ɗan tela, bana kai za mu kai ɗaki. Ka shirya."

Na ce masa ni ko zare ban iya zurawa ba, aikina a shago aike ne kawai da sayo goro. Ya ce za mu gani. Tun daga nan na ɗaura aniyar sai na ci makin da ba a taɓa cin mai ƙanƙantarsa ba.

Jama'a, ashe ɓata ɗinki da gangan aiki ne! Rigar filo fa layi uku ce miƙaƙƙu, abin da zan yi ina gyangyaɗi. Da layi ya zo kaina na zauna a keken Malama, na ce wa hannuna karkace, ya ce bai san zancen ba. Ƙafata ta kama taki da kanta, yatsuna suka daidaita bakin yadi ba da izinina ba. Sai da na riƙa fizgar shaddar da na kawo hagu da dama, na faki ido na sassauta zaren sama don ya yi cunkus a ƙasa, gumi na zubo mini kamar mai faskare. Da na ga duk da haka abin yana neman ya yi kama da rigar filo, sai na bi baki na huɗu, inda filon zai shiga, shi ma na ɗinke shi ruf.

Malama ta ɗaga ta sama, ta juya gaba ta juya baya tana neman ƙofa, aji ya fashe da dariya. Ta dube ni, kallon da ya ɗan fi na kullum daɗewa, sannan ta rubuta sunana a jikin shaddar da jan biro, ta sa biyu bisa ashirin.

Ranar nan sama maza suka ɗaga ni. Dogon ya karya rakensa ya ba ni rabin da ya fi zaƙi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, irin daɗin nan na wawaye.

Mutum ɗaya ce ta rage mini shi. Wata yarinya mai tabarau, monitar mata, wadda ta fi mu duka lissafi amma allura ta ƙi ta. Ita da iyakar ƙoƙarinta tara ta ci, kuma tun a aji ƙawayenta suka taso ta: mace da tara, wa zai kwashe ki? Su mata ba su da izinin faɗuwa, kamar yadda mu ba mu da izinin ci. Ta tare ni a bakin famfo, idonta jajir.

"Na gan ka," ta ce. "Ka zura zare ba ka ko dibi allurar ba. Ni ina nema ban samu ba, kai kana zubarwa. Allah na ganin ka."

Na yi mata gwalo na wuce, amma raken bai ƙara yi mini zaƙi ba.

A hanyar gida na yi niyyar wurga rigar filon a kwata. Ɗan tela kuwa ba ya iya jefar da yadi, ko ka ɗaga hannu yatsu ba za su saki ba. Sai na cusa ta can ƙasan buhun ƙyallaye na shago, wanda mata ke aikowa a kwasa su cusa a matashi. Wai ni mai wayo. Na manta Baba kan zazzage buhun nan duk lokacin da yake neman ƙyallen cikin aljihu. Na kuma manta shaddar ragowar rigar wani ɗan kasuwar hatsi ce da shi da kansa ya yanka, kuma Baba ba ya manta fuskar yadi.

Ranar Asabar da hantsi ina tsakiyar wandon wani yaro sai na ji keken Baba ya yi shiru. Na ɗago. Ga shuɗiyar shadda a hannunsa, idonsa a rufe, yatsa na tafiya. Ko taƙi ɗaya bai yi ba ya tsaya. Ya buɗe ido, ya karanta jan biro, ya nemi ƙofar filo bai samu ba.

"Wa yay yi wanga?"

"Ni na, Baba."

"Da wane hannu?"

Azumi saura mako biyu, kayan Sallah ga su nan jibge, kujerar da na yi shekara biyar ina nema tana shirin kuɓuce mini. Bakina ya riga hankalina.

"Hakanan Malama tak koya muna."

Baffa ya yi wani tari da ban yarda da shi ba. Baba kuwa nan take ya gaskata, domin ƙaryar ta faɗa daidai kan maganarsa. Ya buga cinya.

"Ban hwaɗi ba? Ban hwaɗi ba! Shekara biyat ina gyaran hannun yaro, an ɓata min shi cikin wata ukku. Yaushe za ku sake darasin ga?"

"Laraba."

"To Laraba tare za mu tahi. Kahin nan sauka. Hannun ga ba ya taɓa min kayan mutane."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kwana huɗu ina guga a zafin bazarar Sakkwato, wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, ni kuwa ga ni rungume da garwashi. In Baba ya fita alwala, sai Baffa ya ce, bai ko dube ni ba, ƙafarsa na kan keke, "Yaro, ramin ƙarya ƙurarre na. Ni dai ba ni ciki." Na yi ta addu'a Malama ta yi zazzaɓi, ɗan kaɗan, na kwana ɗaya, wanda ba zai cutar da ita ba. Na yi addu'a mashin ɗin Baba ya ƙi tashi, tunda da ma halinsa ne. Laraba ta zo, mashin ya tashi bugu ɗaya.

Baba ya sha farar babbar rigarsa wadda ya yi wa aiki da hannunsa, tef a rataye a wuya. Ina bayansa a mashin ina lissafin makomata. Na san sai ya sa ni ɗinki a gaban aji. In na miƙar da layi, na zama amarya, na kuma zama maƙaryaci a idonsa. In na karkatar, keke ya tafi da Sallar bana gaba ɗaya, ga baiwar Allah an ci mutuncinta a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Gaba kura, baya sayaki.

Baba ya zauna a ofis har aka dawo tara, mataimakin shugaban makaranta ya rako shi ƙofar ɗakin Malama. Baba ba mai hayaniya ba ne. Sai da ya gaida ta tsaf, ya tambayi gajiya, da iyali, da zafi, da haƙuri da yara, sannan ya zaro rigar filon daga aljihu ya shimfiɗa ta a tebur ya shafe ta da tafin hannu.

"Malama, ba hwaɗa niz zo ba. Yaron ga na kawo muku shi hannunai miƙe. Wando shina ɗunka shi shi kaɗai, da aljihu da komi. In hakanga ake koyon ɗunki nan, to don Allah a bar min shi ga girki kawai."

Wando shi kaɗai! Daga bayan aji na ji dogon ya ce, "Iye?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malama ta dubi rigar filon, ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran ta tona. Sai na ji ta yi 'yar dariya.

"Alhaji, ƙila laihin keken ga na, ya tsuhwa. Tunda Allah ya kawo ka, ko za ka diba muna shi?"

Ta san inda ta taɓa. Ba telan da za a nuna masa keke mara lafiya ya wuce. Baba ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya zauna, ya taka sau biyu, ya yi salati.

"Subhanallahi! Wa ka ba keken ga mai? Maraya na?"

Ya laluba aljihu ya zaro 'yar kwalbar man keke da ba ya rabuwa da ita. Ya ɗiga nan ya ɗiga can, ya buɗe ƙasa ya hure ƙurar zare, ya ɗaure igiyar da ke juya ƙafar. Kafin ka ce kwabo muryar keken ta sauya. Ya ce a ba shi ƙyalle. Aka ba shi, ya ninka, ya taka, sai ga aljihu ya fito da murfinsa. 'Yan mata suka kewaye shi, shi kuwa ya manta abin da ya kawo shi. Ya karɓi aikin mai tabarau ya duba.

"Ke tura yadi kike, ɗiyata. Ba a turawa. Keke ka ja, ke rakiya kawai za ki yi. Taho zamna."

Ya tashi ya ba ta kujera. Ta zauna, ta taka, layi ya fito miƙe tun daga sama har ƙasa, karo na farko a rayuwarta. Ta yi wani ihu ta rufe baki da hijabi. Baba sai washe baki yake. Ni ban taɓa ganin sa haka ba. A shago da haɓa da shiru yake koyarwa, nan kuwa ga shi yana zuba kamar rediyo. Har maza sun fara miƙa wuya daga layin taga. Na fara sa rai an manta da ni.

"To keke ya warke," in ji Baba. "Kai, taho. Mu gani ko hannun na nan."

Na taso. Ina isa kujera sai aka saki 'yar siririyar guɗa daga baya, a hankali, don ni kaɗai. Kunnen tela kuwa ba ya barin ƙaramar ƙara ta wuce. Baba ya waiga.

"Biki ake yi?"

Sai mai tabarau ta ɗaga hannu, da ma a cike take da ni.

"Baba, dut namijin da ya iya ɗunki ko girki amarya suke ce mai. Wai aikin mata na. Shi ya sa ya ɓata nashi da gangan, don kar a yi mai guɗa."

Baba ya tsaya baki buɗe. "Ɗunki? Na mata?" Ya dubi Malama ko wasa ake yi masa. Wallahi bai taɓa jin wannan labari ba. Shi da ko yayyena mata bai taɓa ɗorawa kan keke ba, don a ganinsa sana'ar maza ce, yau ga yara sun ce masa ta mata ce. Ya riƙe haɓa.

"Ashe shekara talatin da biyat amarya nike, ba wanda yak kawo min ko turmin atamfa?"

Aji ya kife. Malama sai da ta dafa tebur. Dogon kansa ya kwanta a benci yana dukan katako. Ni ma na fara dariya, sai na lura ta Baba ta riga ta kowa tsayawa. Ni yake kallo. Ya sassauta murya, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Da gangan?"

"I, Baba."

"Kuma kac ce Malama ta."

Na kafa wa rigar filon da ke kan tebur ido.

"Kunyar abin da nika ciyar da kai da shi kaj ji?"

Da bulala ya zabga mini da ya fi mini sauƙi. Na ce a'a, amma ni da shi mun san amsar. Ya juya wajen Malama ya ɗan rusuna, dattijo da furfurarsa, a gaban yara sa'o'in 'ya'yansa.

"Malama, kwana huɗu ina ɗauke da alhakinki. Ki yahe min."

"Haba Alhaji, ba komi," ta ce. "Ai ni nic ci riba, an gyara min keke." Sannan ta miƙo mini reza. "Kai kuma farke."

Na farke baki huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, hancina na yoyo. Na zauna, na ƙyale hannuna ya yi abin da ya iya. Ban kai minti biyar ba na miƙa mata rigar filo, da kalmasa, da ɗan murfi a baki don kar filo ya leƙo. Ta juya cikinta waje, ta duba, ta soke biyun da jan bironta ta rubuta goma sha tara.

"Ɗayan na riƙe," ta ce. "Na ƙarya na."

Mata suka tafa. Baba bai taɓa rigar ba, bai ce mini ci kanka ba. Ya yi wa Malama sallama, ya ce ta riƙa aiko da keken duk ƙarshen zango a duba shi, ya tafi. Da aka tashi kuwa aka raka ni har get da guɗa, cikakkiya, dogon na gaba. Abin mamaki ban mutu ba. Kunnena ya yi zafi, shi ke nan. Hankalina ma ba ya wurinsu, yana kan kujerata, domin Baba ya tafi bai ce na koma ba, bai ce ban koma ba.

Na taka zuwa shago a hankali kamar mai tsoron ƙasa. Tun daga nesa na hango baƙin keken a waje. Na ce shi ke nan, an sayar. Da ma can ƙuryar shago yake zama, bayan rigunan da aka rataye, inda mai wucewa ba ya ganin wanda ke kansa, ni kuwa hakan ya yi mini. Yanzu ga shi a ƙarƙashin rumfa, dab da titi, fuskarsa na kallon hanyar da 'yan makarantarmu ke bi. Wandon da na bari ranar Asabar yana kai, a ninke.

Baba na bakin ƙofa yana yanka, bai ɗago ba.

"Nan za shi zamna daga yau. In ɗunki kaka so, ga shi nan inda kowa ka ganin ka. In kunya kaka ji, dutsen guga na ciki, can ba mai ganin ka."

Ko kayan makaranta ban cire ba. Na jefar da jaka na zauna, na sa wando a ƙarƙashin allura, na taka. Kai, ƙarar tsiyar nan ta keken ranar ta fi mini kowace waƙa daɗi.

Ban gama ƙafa ɗaya ba sai ga dogon a kan kekensa na hawa, ya nufi Kwalkwalawa, yara huɗu na bin sa a ƙasa. Ya hango ni. Ya miƙe tsaye a kan feda, ya toshe hanci, ya rangaɗa guɗar da sai da mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu. Na dafe yadi na ci gaba da taki, ban ɗago ba.

Sai daga cikin shago aka mayar masa da wata, kakkaura, mai gargada, kamar ta bunsuru mai mura. Baffa ne ya fito da gemunsa, ya riƙe hanci, yana amsa masa iyakar ƙarfinsa. Dogon ya waiga don ya ga wace tsohuwa ce wannan, bai ankara ba ya afka cikin bahon ruwan mai faci, wanda ake gwada tayoyi a ciki. Ruwa ya tashi, mai faci ya tashi, layi gaba ɗaya ya ɗauki shewa. Baba ya ajiye almakashi ya jingina da ƙofa yana share hawaye da hannun riga.

Ni ma dariya ta kwashe ni, na manta ƙafata na tafiya. Da na dubi wando, layi ya bar hanyarsa ya ratsa ta tsakiyar aljihu, taƙi guda cur. Karkataccen ɗinki na gaske, a gaban Baba, a ranar da aka mayar da ni. Nan take dariyar ta ƙare. Ya matso, ya duba. Ban jira ya faɗa ba, na yunƙura zan nufi dutsen guga.

Hannunsa ya sauka a kafaɗata ya mayar da ni kujera.

"Ina za ka? Farke ka sake. Ɗiyan mutane na jiran kayan Sallah."

"A'a, Yaya!" in ji Baffa. "Ni da aljihu guda mako biyu niy yi ga guga!"

"Kai ba a yi maka guɗa ba," Baba ya ce. "Wanga yau ya biya."

Bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata nan da nan ba. Na ɗauki reza na fara farkewa a bakin titi, ina jan hanci ina dariya, duk wanda ya zo wucewa yana kallona.